Shuɗin Rubutu a Shafin Yaya

Sau huɗu Auta yana rubuta tambayar a injin bincike, sau huɗu yana gogewa ya sake. "Yaushe jariri yake fara haƙori?" Wata biyar ke nan duk wanda ya rubuta wannan tambaya, shafin yayarsa ne ke fara fito masa, can a sama, da ɗan hotonta cikin farar rigar aiki. Yau babu shi. Ya gangara ƙasa, ya shiga jeri na biyu, na uku, har na tara. Ya rubuta sunan shafin sukutum, harafi bayan harafi, injin ya jero masa waɗansu shafuka da bai taɓa jin labarinsu ba.

Fanka tana juyawa a saman shagon, amma rigarsa ta manne masa a gadon baya. Wata mata da ta kawo takardun neman aiki a buga mata ta gaji da tsayuwa, ta ce Injiniya in injin ne ya lalace ya faɗa mata ta ƙara gaba. A waje Injiniya ake kiransa, ko da yake bai taɓa taka ajin injiniyoyi ba. Buga takardu yake yi da haɗa wa 'yan kasuwa shafukan intanet. Ya miƙa mata takardunta ba tare da ya dube ta ba, ya buɗe akwatin saƙonni.

Saƙon yana nan tun safe, gajere, babu gaisuwa. Masu injin binciken sun ce sun gano mahaɗai na yaudara, wato hanyoyin da ke sada shafi da shafi, masu shigowa shafin da masu fita daga cikinsa, don haka sun cire shi daga sakamakon bincike har sai an gyara.

Masu shigowa ya san da su. Masu fitar ne bai san da su ba.

* * *

Yaya ma'aikaciyar jinya ce, shekara ashirin da biyu a ɗakin yara na asibitin gwamnati, inda kowa ke kiranta Sista. Ita ta riƙe Auta bayan rasuwar mahaifinsu, kuma har yau da yake da mata da ɗa, in ya shiga gidanta sai ta duba idonsa ta tambaye shi ko yana shan ruwa sosai. Tambayoyin iyaye mata ne suka ishe ta, kullum iri ɗaya, kullum bayan an riga an yi ɓarna a gida. Sai ta fara rubuta amsoshin a littafi ranakun hutunta, Auta ya haɗa mata shafi ya riƙa zuba su.

Shi ya yi mata bayanin yadda injin bincike ke aiki. Mahaɗi, ya ce mata, shi ne rubutun nan mai launin shuɗi da in ka taɓa shi zai kai ka wani shafin. Duk shafin da ya sa mahaɗi zuwa naka, kamar ya tsaya maka shaida ne cewa maganarka abin saurare ce, injin kuwa masu shaida yake dubawa kafin ya ɗaga ka sama. Yaya ta yi dariya ta ce ashe har na'ura ta san tsegumi.

A shekara uku shafin ya sami shaidu goma sha ɗaya. Makarantar koyon jinya ta sa shi cikin abin da ɗalibanta za su karanta. Wani gidan rediyo mai shirin lafiya ya yi hira da ita ya sa mahaɗi a shafinsa. Wata ƙungiyar iyaye mata ma ta sa. Kowanne da kansa ya zo, saboda ya karanta ya ga amfani. Amma duk da haka shafin yana kwance a jeri na uku, inda babu mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya, a samansa kuma shafuka ne masu cewa a shafa wa jariri man mota a dasashi. Wannan abu yana ci wa Auta rai.

A wani zauren hira na waya na masu haɗa shafuka ya haɗu da mutumin da ake kira Nan-take. Bai taɓa ganin fuskarsa ba, murya kawai ya sani, mai taushi, mai yawan cewa "ɗan uwa". Nan-take ya ce cikin mako guda zai sa shafuka dubu biyu su nuna na Yaya, kuma ba ya son ko sisi. Kalmar sirrin shafin kawai za a ba shi, ya saka mahaɗi biyu ko uku na abokan cinikinsa a wani lungu da ba mai kula.

Auta ya san haramun ne a dokar injin. Shi da bakinsa ya sha gargaɗin masu shaguna cewa wanda ya sayi shaidun ƙarya, ranar da aka kama shi shafinsa zai ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba. Amma ya ce wa kansa wannan dabam ne, ai gaskiya ce za a ɗaga a kan ƙarya. Ya tura kalmar sirrin wata ranar Talata, yana cin abincin rana.

Cikin wata guda shafin ya hau sama. Yaya ta riƙa nuna wa abokan aikinta a waya tana cewa aikin Autansu ne. Da ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce mata haƙuri ne ya yi rana. Bai taɓa komawa ya duba lungun da aka ce ba mai kula ba.

* * *

Ya ja ƙofar shagon ya rufe da rana tsaka, ya fara buɗe rubuce-rubucen Yaya ɗaya bayan ɗaya. A na farko bai ga komai ba. A na biyu, wanda ke magana kan fitar haƙori, can tsakiya, bayan inda ta ce a wanke hannu a goga wa yaro dasashi da tsumma mai tsabta, ya ga jimlar da ba ta cikin littafinta.

"Ni da kaina wannan magani nake ba 'ya'yana, kuma shi nake ba iyaye shawara su saya."

Kalmar "wannan magani" shuɗiya ce. Ya taɓa. Wani shafi ya buɗe da hoton jariri yana dariya da wata kwalba mai jan murfi. Babu sunan kamfani, babu adireshi, babu lambar hukuma. Lambar waya ce kawai, da alkawarin za a kawo har gida.

Rubutu arba'in da uku ya samu da irin wannan jimla, an saƙa ta cikin maganar Yaya da irin lafazinta, har da "'yar uwa" da take fara sakin layi da shi. Ya buɗe inda ake ganin yawan masu taɓa mahaɗi. Mutum ɗari shida da goma sha bakwai. Ya tsura wa lambar ido har ta rabu biyu.

Ya kira Nan-take. Muryar nan mai taushi ta ce ɗan uwa ya kwantar da hankalinsa, injin yakan yi haka lokaci-lokaci, akwai wata dabara da za su yi a dawo. Da Auta ya tambaye shi abin da ke cikin kwalbar, sai ya yi 'yar dariya ya ce shi dillalin mahaɗi ne, ba likita ba, yau caca yake tallatawa, gobe man gashi. Bayan awa ɗaya lambar ta daina shiga, zauren ma an cire Auta daga ciki.

Ya canza kalmar sirri, ya goge jimlolin duka. Da ya gama ya zauna yana kallon shafin, fes kamar yadda Yaya ta rubuta shi. Wata murya a zuciyarsa ta ce shi ke nan, babu wanda ya gani. In ta tambaya zai ce matsalar na'ura ce.

Kwana uku yana ɗauke da abin. Matarsa, wadda shekara shida da aure amma sunan Amarya ya ƙi barinta, ta lura yana tura cokali cikin abinci yana janyewa. Ta tambaye shi ko wata ya gani a waje ta hana shi cin nata, bai ko yi murmushi ba. In ɗansu mai shekara biyu ya hau cinyarsa, sai ya riƙa kallon ƙananan haƙoransa har yaron ya tsargu ya sauka. Duk babur da ya tsaya a ƙofar shago, sai ya leƙa ya ga ko wane ne. Ya riƙa gaya wa kansa cewa taɓa mahaɗi ba saye ba ne, kuma wataƙila ruwan sukari ne kawai a kwalbar.

Rana ta huɗu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wayarsa ta yi ƙara.

"Auta, ka zo asibiti yanzu," in ji Yaya. "Ka taho da kwamfutarka."

Ba ta gaishe shi ba, ba ta jira amsa ba.

* * *

Ɗakin yara yana warin maganin goge ƙasa. Ya wuce gadaje masu ƙarfen kariya, ya wuce iyaye mata zaune a kan tabarmi da kwanuka a gefensu, har ƙaramin ofishin da ke ƙarshen baranda. Yaya tana tsaye jikin taga. A kan benci wani mutum ne zaune, dogo, da makullin mota rataye a ɗan yatsansa. A kan tebur kuma kwalba ce mai jan murfi, saura kaɗan ta ƙare.

Yaya ta ce wannan direba ne, 'yarsa ce a gado na shida, wata tara da haihuwa. Kwana biyu ba ta yi fitsari ba, fuskarta ta kumbura, likita ya ce ƙodarta ta tsaya. Ta ce da aka tambayi uwar abin da ta ba yarinyar, sai ta ciro kwalbar ta ce ai Sista ce ta ce a saya. Yaya ta rantse ba ta taɓa ganin kwalbar ba, ta buɗe shafin a gabansu, babu komai. Sai matar ta nuna hoton da ta ɗauka na fuskar waya tun watan jiya, don ta tura wa ƙanwarta.

Ta tura masa wayar a kan tebur. Ga jimlar, ga shuɗin rubutun, ga hoton Yaya a sama cikin farar riga.

"Ka yi mini bayani a gaban mahaifinta," ta ce.

Ya buɗe baki ya ce wataƙila ɓarayin intanet ne suka kutsa. Yaya ta dube shi irin kallon da take masa tun yana yaro in ya ce ba shi ya fasa kofi ba. Sai ya faɗi komai: Nan-take, kalmar sirri, shaidun ƙarya dubu biyu, saƙon masu injin, da kwana ukun da ya yi shiru.

Ya zaci direban zai shaƙe shi, har ya so ya yi hakan. Amma mutumin bai motsa ba. Makullin kawai yake juyawa a yatsansa.

"Ni ban yi boko ba," ya ce a hankali. "Matata ce ta karanta mini. Na ce mata ba na yarda da maganin waya. Ta ce ai wannan Sistar asibitinmu ce, ita ta karɓi babban ɗanmu lokacin da ya yi ƙyanda. Shi ya sa na ce ta saya."

Ya tashi ya fita. Ta tagar ƙofa Auta ya hango shi tsaye a gefen gado na shida, inda wata 'yar halitta take kwance da robobi a hannu, idanunta sun shige cikin kumburi.

"Mutum nawa suka taɓa rubutun?" Yaya ta tambaya.

Ya faɗa mata lambar. Ta lalubi kujera ta zauna.

Ta ce ya buɗe kwamfutar nan take ya rubuta gargaɗi da manyan haruffa a saman shafin, duk wanda ya sayi kwalbar ya daina bayarwa ya kawo yaro asibiti. Ya rubuta, ya saka. Sannan dole ya gaya mata abin da ya fi komai nauyi a bakinsa: babu mai gani. Injin ya cire shafin. Masu zuwa dubbai a rana sun koma bakwai, takwas.

"To su waye suka san hanyar gidan ba sai an nuna musu ba?" ta ce.

Shaidu sha ɗayan nan ne na farko. A ranar suka bi su. Yaya ta tsaya a gaban shugabar makarantar jinya, wadda ta koyar da ita, ta ba da labari kanta a ƙasa. Mai shirin lafiya na rediyo ya katse shirinsa ya karanta gargaɗin sau uku. Ƙungiyar iyaye mata ta watsa shi a wayoyin mambobinta. Kowa ya taimaka. Kafin ƙarshen mako kuma, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cire mahaɗinsa daga shafinsa, babu wanda ya yi musu magana a kai.

* * *

Jami'an hukumar magunguna sun zo shagon su biyu, suka tafi da kwamfutarsa, suka sa shi ya rubuta bayani ya sa hannu. Sun ce kada ya yi tafiya. Shafin mai kwalbar ya riga ya ɓace, lambar wayarsa a kashe. Amarya ta tsaya a ƙofar gida da yaro a kafaɗa tana kallon motarsu, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Tun daga ranar, ko almakashi ne ya faɗi a ɗaki sai Auta ya zabura.

An kawo ƙarin yara biyu, aka ci sa'a ba su sha da yawa ba. 'Yar direban aka kai ta babban asibiti aka yi mata wankin ƙoda. Ta rayu, amma likita ya ce za ta daɗe tana zuwa ana dubawa, kuma bai yi alkawarin komai ba game da girmanta. Sauran ɗaruruwan babu wanda ya san inda suke. Saƙo ɗaya ne ya shigo akwatin shafin daga wata lamba da ba suna, layi guda: "Da kun faɗa da wuri." Auta ya amsa, ya kira, ya sake kira. Ba a taɓa ɗauka ba. Ya lissafa kwanakin da ya yi shiru ya sake lissafawa, bai gaya wa kowa saƙon ba.

Kwamitin asibiti ya yarda ba Yaya ta rubuta jimlar ba, amma ya ce sunanta ne a sama. Aka ba ta takardar gargaɗi, aka ɗauke ta daga ɗakin yara zuwa ɗakin ajiyar kaya, inda take karɓar zanen gado da safar hannu. Da ya je ba ta haƙuri a can, ya durƙusa tsakanin kwalaye, ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ban ce ka kai ni sama ba, Auta. Da uwa ɗaya ta karanta ta yarda, ya ishe ni."

Ya ce zai rufe shafin gaba ɗaya. Ta ce a'a. Zai gyara shi, da sunansa na gaskiya, ko da babu mai sake buɗewa.

Da aron kwamfuta ya fara. Ya fitar da jerin shafukan da Nan-take ya sa suka nuna na Yaya, sai ya ji kunya ta rufe shi shi kaɗai a shago: gidajen caca, shafukan batsa, shafukan da babu komai a cikinsu sai tarin kalmomi marasa kan gado, cikin harsunan da bai sani ba. Waɗannan ne shaidun da ya samo wa yayarsa. Ya riƙa rubuta wa masu su, ɗaya-ɗaya, yana roƙo su cire. Yawanci ba su amsa ba. Waɗanda suka ƙi ya jera su a takarda ya aika wa masu injin cewa ya barranta da su, ya haɗa da wasiƙar neman a sake duba shafin. A wasiƙar farko ya rubuta cewa wani ne ya yaudare shi. Bayan mako uku aka ƙi. A ta biyu ya rubuta cewa ya sani, da hannunsa ya ba da kalmar sirrin.

Wata huɗu da 'yan kwanaki aka ɗauka. Saƙon ya zo gajere kamar na farko: an janye hukuncin. Shafin ya dawo a jeri na biyar, babu mai tsaya masa ko ɗaya. Ya tura wa Yaya, ta amsa da "To."

* * *

Wata ranar Asabar da la'asar ya dawo gida ya tarar da ɗansu yana gudawa, ya yi laushi, leɓɓansa sun bushe. Amarya ta miƙa masa yaron, ta wanke hannu, ta ɗauko kwalbar ruwa mai tsabta da gishiri da sukari ta jera a kan tebur. Ta buɗe shafin Yaya a wayarta, inda aka yi bayanin yadda ake haɗa ruwan, ta ɗauki cokali. Sai ta tsaya. Ta dubi wayar, ta dubi mijinta, ta ajiye cokalin ta kira Yaya.

Bayan gaisuwa ta faɗi halin da ake ciki, ta ce ga rubutun a gabanta, tana so ta tabbata ko haka yake.

Auta ya matso kusa da wayar don ya ji amsar.

"Karanto mini in ji," in ji Yaya. "Daga farko. Kada ki tsallake ko kalma ɗaya."

Amarya ta fara karantawa a hankali, tana bin layi da ɗan yatsa, tana tsayawa a ƙarshen kowace jimla har sai an ce mata ta ci gaba. Auta yana tsaye a tsakar ɗaki, kan yaron mai zafi a wuyansa, yana saurare.